Hannun Siniya a Kafaɗata

Na manta sunayen malamai da yawa da suka koyar da ni a jami'a, na manta lambar ɗakin da na kwana a ciki, har dabarun lissafin da na taɓa haddacewa tamkar sunana duk sun tsere. Amma abin da idona ya gani wata ranar damina a bakin wani rafi bayan Godogodo, wallahi ba zan manta da shi ba sai ranar da aka mayar da ni ƙasa. Ko yanzu da na ɗauko zancen sai da tsigar jikina ta tashi.

Ni ɗan Kafanchan ne, haifaffen bayan kasuwa. Babana busasshiyar citta yake saye a hannun manoma, ya loda a buhuna ya tura Legas. Na sami gurbin karatun injiniya a Zariya ba da daɗewa ba bayan rikicin nan da ya taɓa garinmu, lokacin da maƙwabci ke gaida maƙwabci da rabin baki. Ranar da zan tafi Baba ya riƙe hannuna a tasha ya ce, “Ka kama kanka, ka san da wa za ka yi hulɗa.” Na gane abin da yake nufi, na ce to.

Na shiga jami'a ina hura hanci, don a sakandare ni ne zakaran lissafi. Zangon farko bai ƙare ba lissafin jami'a ya ɗaga ni sama ya buga da ƙasa. Malami zai shigo, mu ɗaruruwa a zaure ɗaya, ya cika allo ya goge, ya sake cikawa ya fita, ni ko inda aka dosa ban gane ba. Ina zaune a gindin bishiya wata rana na rafka tagumi, ina tunanin yadda zan koma in ce wa Baba a ba ni sikeli in fara auna citta, sai wani baƙi siriri ya tsaya a kaina.

Ya ce, “Kai ne ɗan mai citta na bayan kasuwa?”

Na ce, “Ni ne.”

“An ce lissafi ya kayar da kai.”

Na fusata na ce, “Wa ya ce?”

Ya ce, “Fuskanka. Tashi mu je.”

Wannan shi ne Siniya. Haka kowa ke kiran sa, wato na gaba a aji, har waɗanda suka girme shi. Kirista ne, ɗan manoma daga wani ƙauye kusa da Godogodo, yana gaba da ni da aji biyu. Inda ya kai ni ranar wata ƙungiya ce ta ɗaliban injiniya 'yan yankinmu, daga Kafanchan da Kagoro da Kwoi da Zonkwa har Kachia, Musulmi da Kirista. Tsani muke ce mata, domin tsarinta na tsani ne: ɗan aji biyu ya koya wa ɗan aji ɗaya, ɗan aji uku ya koya wa ɗan aji biyu, haka har sama. Babu malami, babu kuɗin shiga. Kowa yana da wanda yake jan sa, kowa yana da wanda zai ja. Kuma akwai wata doka da ba wanda ya rubuta amma kowa ya san ta, cewa na ƙasa ba ya gyara wa na sama, ba ya tambayar sa sakamakonsa, ba ya sa masa baki a lamarinsa. Tarbiyyar gida ce muka ɗauko muka kai makaranta, don a wajenmu, ko a coci ko a masallaci aka rene ka, ƙane ba ya tuhumar wa.

Siniya kuwa, kai, Allah ya yi kwanya a wurin nan. Abin da malami ya yi mako yana dama mana, shi zai warware maka shi da misalin ɗaurin jinka ko na jakin da aka yi wa lodi gefe guda, sai ka ji kunyar cewa ka taɓa kasa ganewa. Shi ya ɗauko ni daga bakin kora ya tsayar da ni da ƙafafuna. Kuma ba ni kaɗai ba.

Ina aji biyu ya kawo wani sabon salo. Ya daina riƙe alli sam. Mai koyo ne zai tsaya a allo, kuma duk abin da ya rubuta sai ya faɗe shi da ƙarfi, layi bayan layi, har alamar ɗebewa da ta tarawa. Shi kuma ya zauna a bencin baya, ya sunkuyar da kai ya rufe ido yana saurare. Da ka yi kuskure zai ɗaga yatsa ya ce, “Koma baya. Bakinka ya faɗi abin da kanka bai yarda da shi ba.” Mu kuwa muka ce tabɗi, wannan ita ce dabara. Har 'yan wasu sassa suka fara kwaikwayon mu. Kuma gaskiya dabarar ta yi aiki, don abin da ka faɗa da bakinka a gaban mutane ba ya saurin guduwa.

A wannan shekarar ce kuma ya ba wa wani ɗan aji ɗaya kekensa kyauta, muka ce kirki ne. Ya daina buga ƙwallo, muka ce girma ne. In zai karanta takarda sai ya kai ta dab da hanci, ni da bakina da ba shi da linzami nakan ce, “Siniya, karatu kake ko shinshina?” Ya yi dariya ya ce yana son ya ji ko lissafin ya nuna. Ƙafafunsa kullum yana susa, muka ce sabulun makaranta ne. Sannan ga babbar alfarma: in an tashi karatu zai kira mutum ɗaya ya ce, “Kai, raka ni.” Ya ɗora maka hannu a kafaɗa, kuna tafe yana yi maka tambayoyi har ƙofar ɗakinsa. Wanda hannun nan ya sauka a kafaɗarsa ranar ba ya gaisuwa da talakawa. Ni aka fi zaɓa, kuma na sha yi wa sauran gori a kai.

Duk ƙauyensu shi suke jira. Ba su taɓa fitar da injiniya ba, kuma akwai rafin da ke raba su da hanyar mota duk damina, ya hana yara makaranta, ya hana mai naƙuda asibiti. In ruwa ya ci musu gadar katako sai su ce, “Bari injiniyanmu ya gama.” Saura masa zango ɗaya tak ya gama, sai malaman jami'a suka shiga dogon yajin aikin nan na farkon shekarun casa'in, aka ce kowa ya tattara ya koma gidan ubansa.

Tsani bai tsaya ba. Muka sami wani ajin firamare kusa da kwatas ɗin reluwe a Kafanchan muka ci gaba, jirgi na wucewa muna dakatawa sai ƙarar ta lafa. Siniya ya tare a gidan kawunsa a gari saboda mu. Ana nan wata rana ya ce zaman allo ya isa, mu je ƙauyensu mu auna rafin nan, mu ga irin kwalbatin da zai ɗauke shi, mu kuma mu koyi awon ƙasa da hannunmu. Wani dogo ɗan Kagoro, ɗan ajinmu, ya aro mana na'urar safiyo wajen ɗan'uwansa. Mu huɗu muka hau a-kori-kura: ni, da dogon, da Siniya, da wata yarinya ɗaya tilo da ke Tsani a lokacin, 'yar wani fasto, mai kaifin kai da ƙarancin magana.

Mahaifiyar Siniya ta tarbe mu da gwaten acca mai zafi, tana ta jan kunnenmu mu ƙara. Ni ta dube ni ta ce, “Kai ɗan Alhaji, ci abinka, ba komai a ciki sai ganye da gyaɗa.” Muka ci muka yi nak, muka gangara rafi.

Ga yadda aikin yake, don wanda bai sani ba. Na'urar kamar madubin hangen nesa ce a kan ƙafafu uku. Mutum ɗaya zai je can nesa ya tsayar da doguwar sanda mai lambobi ja da baƙi, wani ya leƙa na'urar ya karanta lambar da layin ciki ya faɗa a kai, na uku ya rubuta. Da haka ake sanin inda ƙasa ta hau da inda ta gangara. Dogon ne ya riƙe sanda, ni nake leƙawa, 'yar fasto tana rubutawa. Kuma bisa al'adar Tsani, ba a rubuta lamba sai na sama ya sa ido ya tabbatar. Sai in leƙa, in faɗi lambar da ƙarfi, Siniya ya zo ya sunkuya ya leƙa ya ce, “Daidai ne, rubuta.” Haka muka yi ta yi tun hantsi, ni kuwa kaina sai ƙara girma yake, don ko sau ɗaya bai ce na yi kuskure ba.

Rana ta take tsaka muka kai awon tsakiyar rafi. Dogon ya shiga ruwa har gwiwa ya tsayar da sanda, wasu ƙananan baƙaƙen ƙudaje na ta cizon sa yana tsalle yana zagi. Na leƙa na faɗi lamba. Daidai lokacin wani dattijon ƙauyen ya tare Siniya a gindin mangwaro yana gaishe shi, gaisuwar tsofaffi wadda ba ta da ƙarshe. Dogon ya ji na faɗi lamba, ya ɗauka an gama, ya saɓa sandar a kafaɗa ya hauro ta gefe, ya zo ya tsaya kusa da na'urar yana susar ƙwauri. Ni na buɗe baki zan ce masa ya koma, sai ga Siniya ya sallami dattijon ya iso.

Ya miƙa hannu ya laluba na'urar. Ya sunkuya ya sa ido. Ya daɗe yana leƙe, har da murza ɗan maɓallin da ke gyara gani. Sannan ya ɗago ya ce, “Daidai ne, rubuta. Amma ka gaya ma dogon can ya miƙe sandan, ya ɗan karkata.”

Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Babu kowa a rafin. Babu sanda, babu mutum, ruwa ne kawai ke gudu a kan duwatsu. Dogon da ake cewa ya miƙe sanda yana tsaye a hagun Siniya, in ya miƙa hannu zai taɓa shi, sandar mai lambobi ja a kan kafaɗarsa.

Bakin nan nawa da ba ya rufuwa ya bushe ƙamas. Na dubi 'yar fasto, fensir ya suɓuce mata ya faɗi cikin ciyawa ba ta ko sani ba. Na sake duban Siniya, idanunsa a buɗe, farare tas, suna kallon rafin da ba kowa, yana murmushi yana jiran a rubuta. A wannan tsayuwar komai ya dawo mini lokaci guda: allin da ya daina riƙewa, keken, ƙwallon, takardar da yake kaiwa hanci. Da hannun nan a kafaɗata.

Abin da ya biyo baya shi ya fi ba ni tsoro in na tuna. Dogon ya ɗora yatsa a baki, ya fara ja da baya a hankali, yana sanɗa, zai koma rafi ya tsayar da sandar don kada Siniya ya ji kunya. 'Yar fasto ma ta gyaɗa masa kai, wato je ka. Ba mugunta ba ce, ladabi ne. Haka aka gina mu, na ƙasa ba ya tona na sama. Da ya kai rafin nan da shi ke nan, mu rubuta lamba, mu koma gida, kowa ya haɗiye abin da ya gani.

Ban san lokacin da maganar ta fito ba. Na ji muryata kawai tana cewa, “Siniya, babu kowa a rafin.”

Murmushin ya ɗauke. Ya tsaya cak. Can ya ce a hankali, “Dogon yana ina?”

Dogon ya ce, “Ga ni nan, Siniya.”

Siniya ya zabura, don bai zaci muryar za ta fito daga nan kusa ba. Ya juya kansa gaba ɗaya, yana nema, sai da ya saita fuskarsa sosai kafin ya same shi. Daga nan ya zauna daɓas a kan jiƙaƙƙiyar ƙasa, shi da ko bencin aji sai ya kaɗe kafin ya zauna. Abin da ya fara tambaya shi ne, “Baban nan ya tafi?” Muka ce ya tafi.

Dogon ya yar da sanda ya ɗora hannu biyu a ka yana cewa, “Yesu! Siniya, tun yaushe? Tun yaushe?”

Ya ce tun yana aji uku ya fara ganin hazo a gefe-gefe. Na hagu ya riga ya tafi. Na dama kuwa kamar mai leƙe ta ramin makulli, abin da ke gabansa dab kawai yake gani, shi ma a wannan yajin aikin ya soma dushewa. Jarrabawar bara da kyar ya rubuta ta, sakamakonsa ya faɗi warwas, amma wa zai tambaye shi? Salon faɗin lissafi da ƙarfi da muke ta yabo, ba don mu ya ƙirƙiro shi ba, allon ne ya daina gani.

Na ce, “To rakiyar fa?” Ban san me ya sa na tambaya ba, na riga na san amsa.

Ya yi wata 'yar dariya marar daɗi ya ce, “Kai ka fi kowa. Bakinka ba ya shiru. Ga kwata, ga mai keke, dubi wancan akuya, kai wannan dutse. Da surutunka nake ganin hanya.”

Wallahi kuka na fashe da shi, ƙato da ni, a bakin rafi. Shekara biyu ina taƙama da cewa gwani ya zaɓe ni, ashe ɗan jagora nake ban sani ba.

'Yar fasto ce ta tambaye shi ko ya je asibiti. Ya ce a'a. In ya je za a rubuta, in an rubuta sashenmu na jami'a zai ji, in sashe ya ji za su ce makaho ba ya injiniya, ya ajiye. Ya ce, “Zango ɗaya ya rage. Ku bar ni in gama, in kawo ma mutanen nan takarda, sai in je asibiti. Ina roƙon ku, abin da kuka gani ya tsaya a nan.” Sannan ya gyara murya, ya koma Siniyan da muka sani, ya ce, “Kun san doka.”

Yarinyar nan da ba ta cika magana ba ta tsugunna a gabansa ta ce, “Mun san doka, Siniya. Ka kore mu daga Tsani in ka ga dama. Amma gobe za ka shiga mota.”

Da muka koma gida da la'asar, uwarsa ta dube mu ta gane. Ta ajiye taɓarya ta ce, cikin Hausarta ta mutanen ƙauye, “Kun gani ko? Ni na gani tun Kirsimeti wancan, ya zuba ruwa a ƙasa, kofi yana gefe. Shi ya ce kada ni faɗa ma kowa, ya ce abokai nashi na makaranta sun sani, suna lura da shi. Ni na kwantar da zuciya, na ce tun da yana tare da ku.” Ba ta zage mu ba, ba ta ɗaga murya ba, har ruwa ta ba mu. Da ma zagin ta yi, da ya fi mini sauƙi.

Washegari muka ɗauke shi sai Kaduna, ni da 'yar fasto. Tun daga Kachia har muka wuce Kajuru bai ce uffan ba, fushi yake da mu. Sai da mota ta tsaya a Maraban Rido, masu talla suka yanyame tagogi, ya ce in saya masa ayaba, daga nan ya fara kula mu. A asibitin ido likita ya daɗe yana haska shi, ya duba ƙafafunsa da wasu ƙulle-ƙulle a ƙugunsa, ya tambaye shi ko a bakin rafi ya tashi. Ya ce ciwon da ƙananan ƙudajen rafi ke kawowa ne, waɗannan dai da suka ciji dogon jiya. Sannan ya juyo gare mu ya ce, “Da wa yake zama?”

Na ce, “Da mu.”

“Kullum?”

Na ce, “Kullum.”

Likitan ya dube ni kawai. Ya ce akwai ƙwaya yanzu da ke rage wa ciwon gudu, amma ba ta dawo da abin da ya tafi. Ya ce da an kawo shi tun lokacin da ya fara ganin hazon, da wata magana ake yi. Da na sani ƙeya ce, ranar na san ma'anarta.

Muka dawo Kafanchan muka juya Tsani, ƙasa ta koma sama. Na shiga wajen Baba na zayyana masa komai, ina jiran ya tuna mini maganarsa ta tasha. Sai ya ce, “Wanda ya hana a kore ka?” Na ce shi. Ya ciro makullin sitonsa na citta ya miƙo mini, ya ce ajin firamare ya yi wa marar lafiya nisa. A cikin siton nan, kan buhuna, muna atishawa saboda yajin citta, muka riƙa karɓa-karɓa muna karanta wa Siniya littattafan aji biyar. Abubuwa ne da mu ba mu kai ba, muna karantawa kamar masu tauna tsakuwa. Shi kuwa ya rufe ido yana ji, in ka tsallake alama ya ɗaga yatsa ya ce, “Koma baya.” In an gama babi ya juyo ya yi mana bayaninsa. Wanzami dai ba ya son jarfa, makon farko in ka tambaye shi ya jiki sai ya haɗe rai, amma a hankali ya saba.

Da aka janye yajin aiki muka koma Zariya, sai da muka yi da gaske kafin ya yarda mu raka shi wajen shugaban sashe. Muka shiga, hannunsa a kafaɗata. Mutumin ya saurare shi har ƙarshe, ya cire tabarau ya ce, “Me ya hana ka zuwa tun da wuri?” Nan take ya ce za a sa wanda zai karanta masa tambayoyi a ɗakin jarrabawa, a ƙara masa lokaci, zanen aikinsa na ƙarshe kuma ya faɗa wani ya zana a gaban malami. Ko shayin da ke kan teburinsa bai huce ba aka gama maganar. Muka fito Siniya ya jingina da bango, ya daɗe bai motsa ba. Abin da ya ba da idanunsa saboda tsoronsa ke nan. Ban taɓa jin haushin duniya irin na ranar ba, kuma ban san wa zan ji haushi ba.

Ya gama. Ba da sakamakon da kwanyarsa ta cancanta ba, amma ya gama. Ranar yaye su mutanen ƙauyensu suka cika mota guda da ganguna, matan zumunta suna waƙa suna guɗa. Ɗan ganin da ya rage masa ya riƙe shi wasu 'yan shekaru, sannan ya ɗauke gaba ɗaya. Bai taɓa tsayawa a bayan na'urar safiyo ba kuma. Koyar da lissafi ya kama a wata makarantar koyon sana'a, ɗalibansa ne ke riƙe alli.

Kwalbatin kuwa an yi shi daga baya, dogon ne ya tsaya a kan aikin, bayan mun koma mun sake awon tun daga farko. Ranar da aka buɗe hanya na je. Siniya ya ji muryata tun daga nesa, don har yau bakin bai canza ba, ya ce, “Kai, ɗan mai citta, raka ni.” Ya ɗora mini hannu a kafaɗa muka taka har tsakiya. Ya tsaya, ya buga ƙafa a kan kankaren, ya matsa gaba ya sake bugawa, ya karkata kai yana jin gudun ruwan a ƙasa. Sannan ya ce, “Daidai ne, rubuta. Wannan karon na duba.” Mutane suka yi ta dariya, ni kuwa na juya baya ina share ido da hular kaina.

Kafin mu bar jami'a mun ƙara wa Tsani doka ɗaya, kuma na ji an riƙe ta shekaru bayanmu: duk ranar zama, kafin a taɓa alli, mafi ƙanƙanta a ɗakin zai dubi mafi girma ya ce, “Siniya, kai fa, ina yake maka ciwo?” Kuma dole ya amsa.

Abin da rafin nan ya koya mini ke nan. Mun iya jan na ƙasa, mun iya girmama na sama, amma ba wanda ya koya mana mu ɗaga kai mu duba ko wanda ke riƙe da mu lafiya yake. Ladabin da zai sa ka ga ɗan'uwanka yana laluben hanya ka yi shiru ba ladabi ba ne. Har yau, ko a ofis ko a gida, in babba ya dafa mini kafaɗa, nakan juya in dubi idonsa sosai in tambaye shi lafiyarsa, kuma ba na barin sa da “lafiya lau” ta farko.